Ranar da Malam Lawali ya tarar da sunansa a jerin masu shiga

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Malam Lawali, mutumin Bukkuyum, abokin aikina a wani ɗan asibiti a Anka lokacin da gubar dalma ta addabi yaran ƙauyukanmu. Ni ce mai shigar da sakamakon gwajin jini a kwamfuta. Shi kuma shi ke kula da babbar na'urar da duk bayananmu ke ciki, mai aiki da tsarin Unix, a wani ɗaki mai zafi bayan ɗakin magani.

Wata Talata da safe muka buɗe na'ura muka tarar sakamakon mako guda na yaran wani ƙauye ya ɓace. Da shi ake sanin yaron da zai ci gaba da shan magani da wanda za a sallama. Ido ya dawo kaina, don ni kaɗai ke taɓa wannan fayil, ga shi ban yi wata uku da fara aiki ba. Likita bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi in je gida in huta har a bincika, na kuwa san abin da hakan ke nufi. Inna tana kwance ba lafiya a Gummi, aikin nan ne ya riƙe mu.

Ina tattara jakata Malam Lawali ya ce in dakata. Ya zaunar da ni gefensa, ya rubuta kalma ɗaya, last, ya danna. Sai ga jerin sunaye ya sauko. Ya ce na'urar tana da wani fayil da take rubuta duk wanda ya shiga, daga wace kwamfuta, ƙarfe nawa, da lokacin da ya fita. Ya duba lokacin da aka taɓa wurin ajiyar fayil ɗina na ƙarshe: Litinin bayan la'asar. Ya bi jerin da ɗan yatsa. Sunana ya nuna na fita tun kafin azahar. Mutum ɗaya ne a ciki bayan la'asar, kuma shi ne.

Ya sake duba layin. Daga baya ya tuna cewa yana share tsofaffin fayiloli ne don samun wuri, ashe ya haɗa da nawa.

"Malama Hadiza," ya ce, "ba ke ta ba. Ni na."

Babban makullin na'urar a hannunsa yake. Da ya ga dama, da ya goge wancan layin, babu wanda zai taɓa sani, don babu mai iya karanta jerin sai shi. Amma ya buga shi a takarda, ya ja layi ƙarƙashin sunansa da jan biro, ya kai wa likita.

An ba shi takardar gargaɗi, kuma ƙarin girman da yake jira ya wuce shi. Mun dawo da rabin sakamakon daga takardun ɗakin gwaji. Sauran yaran kuwa sai da aka sake ɗibar jininsu. Shi da kansa ya hau babur ya je ƙauyen ya faɗa wa iyayen dalili. Wata uwa ta zazzage masa faɗa a gaban mutane, ɗanta na kuka a goye. Ya tsaya ya saurara har ta gama, ya ba ta haƙuri.

Yau ni ke kula da irin wannan na'ura a Gummi. Nakan yi tunanin abin da zai ce da ya ga ma'aikata huɗu na shiga da suna ɗaya, kalmar sirri a manne jikin bango. Zai cire takardar, ya kira su ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ɗaga murya ba. Hanyar da ya bi a kan babur ma, yanzu saboda rashin tsaro sai mutum ya tambayi labarinta kafin ya fita.

Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki ya ɗauke shi. Bai bar gida na kansa ba, bai kai wani babban muƙami ba. Abin da ya bar mini shi ne wannan: duk ranar da abu ya lalace a wurin aiki, na buɗe jerin nan, sunana nake fara nema kafin na kowa. Sau biyu na same shi, sau biyun kuma na tashi na je na faɗa.

Allah Ya yalwata masa kabarinsa, Ya duba bayansa.