Baban Bene Ya Sauke Goyo

Tun kafin masu shara su gama da barandar sashenmu na lissafi, za ka tarar da shi tsaye a gindin matakala, ya naɗe hannun riga, ya tuɓe takalma ya ajiye gefe don kada santsi ya kwashe shi. A takarda masinja ne, aikinsa buɗe azuzuwa da kai saƙo ofis-ofis. Ɗalibai kuwa Baban Bene suke ce masa, domin shekara da shekaru duk wanda ya zo sashen nan a keken guragu, a bayansa yake hawa aji.

Wanda ya zana ginin nan, Allah ya yafe masa, ya jera ofisoshin malamai a ƙasa, ya kai azuzuwa can sama, bai bar wa keke hanya ba. Babu kuma wanda ya ɗora wa Baba wannan aiki. Wata rana ce ya ga wani ɗalibi yana jan jiki a matakala, jakar littattafai rataye a wuya, sai ya durƙusa ya ce masa ya hau.

Yana da tsarinsa. Da wuri yake sa ɗalibi ya zo, kafin baranda ta cika da 'yan kallo. In mace ce, ƙawayenta yake tarawa ya koya musu kamun keken, shi ya riƙe ɓangaren ƙasa inda nauyin yake. Wata mai shara ta ce mini ba ta taɓa jin ya yi nishi ba, sai dai tsokana, yana tambayar na bayansa me ya ci jiya da har ya ƙara nauyi haka.

Bana ritayarsa ta zo, bayansa ma ya soma ciwo, likita ya hana shi ɗaukar ko bokitin ruwa. Ga kuma wani ɗalibinmu da ake kira Injiniya, saboda shi yake gyaran kekensa da kansa, saura masa shekarar ƙarshe. Abokansa sun gwada ɗaukarsa, suka zame tare, ya gurje kafaɗa. Daga nan ya fara maganar jingine karatu. Abin ya tsaya mini a rai, don na daɗe ban koyar da mai kaifin kai irinsa ba.

Ana cikin haka sabuwar shugabar jami'a ta kama aiki. Mu da muka ga shugabanni sun zo sun tafi, mun zaci za a fara da fentin babbar ƙofa kamar kullum. Sai ta tara ƙananan ma'aikatan da suka fi daɗewa, ta ce kowa ya faɗi abu ɗaya da yake so a fara da shi. Mai gadi ya nemi fitilu, direba ya yi kukan tayoyi. Da aka zo kan Baba, ya miƙe yana murza hula.

"Ranki ya daɗe, ni na gama nawa. Amma akwai yaro da zan bari a gindin bene, ban san wa zan bar wa shi ba."

Washegari ta zo ta hau matakalar da ƙafarta har sama, ta sauko tana haki. Umarninta na farko shi ne azuzuwa su dawo ƙasa, ofisoshi su koma sama, kafin a gina hanyar keke a duk gine-ginen jami'a. An sha gunaguni. Ni kaina na rasa ofishina mai sanyi da ke kallon bishiya, kuma gwiwoyina har yau ba su huce ba. Duk da haka raina fes yake.

Baba, kai ne ka goyi 'ya'yan mutane ba tare da ka bari sun ji kunya ba. Kai ne ka samu damar roƙa wa kanka wani abu a gaban shugaba, ka roƙa wa ɗan wani. Daga cikin waɗanda suka hau bayanka akwai malaman makaranta da akantoci yanzu, kuma duk wanda ya leƙo sashen nan kai yake fara tambaya.

Mun gode, Allah ya ba ka lafiyar wannan baya naka, ya sa ka ci moriyar hutunka cikin jikoki. Mu da muka rage kuma, kowa ya duba wurin aikinsa, ya ga wa aka bari a ƙasa, ya durƙusa masa ko ya kai maganarsa gaba.

Ranar da Baba zai yi sallama, Injiniya ya iso a makare abinsa, baranda cike da mutane. Ya tura kekensa har bakin sabon ajin, sannan ya waiwayo.

"Baba, yau sai dai ka raka ni," in ji shi.

Baba ya bi shi a baya har cikin aji, ya rasa inda zai sa hannuwansa.