Waken Da Kawu Maina Ya Biya Bai Sayar Ba

A Yerimaram aka haife ni, nan cikin Potiskum. Kafin in lalace, gyaran waya nake yi a wani ɗan shago kusa da tasha, kuma ina samun na tuwo. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, sai yayan mahaifiyata, Kawu Maina, ya riƙe mu. Dillalin wake ne a kasuwa. 'Yan kasuwa daga kudu kan turo masa kuɗi tun ba su ga ƙwaya ɗaya ba, ya auna, ya ɗinke, ya ɗora a mota. Ban taɓa jin wanda ya dawo da ƙorafi ba.

Abin ya fara ne da waya guda. Na sa hotonta a wani shafin saye da sayarwa na intanet, wani mutum daga Gombe ya turo min kuɗinta ta banki har da na mota. Kafin in aika, wani ya taya ta a shago da tsada, na sayar masa. Na yi niyyar mayar wa na Gombe kuɗinsa, sai na ce gobe. Da ya dame ni da kira, na cire layin. Na zauna ina jiran masifa, ba ta zo ba. Wannan shirun shi ya cuce ni.

Daga nan na shiga tallar abin da ban mallaka ba: injin markaɗe, keken ɗinki, babur. In karya farashi, a turo kuɗi, in aika hoton takardar lodi ta ƙarya da lambar direba. Direban kuwa ni ne a wani layin, in shaƙe murya in ce mota ta lalace a hanyar Bauchi, sai an ƙaro na gyara. Ban taɓa ganin fuskar ko ɗayansu ba, shi ya sa nake barci lafiya.

Da mutane suka fara wayewa, suna neman ganin shago da mai shago, sai na tuna da kawuna. Na je rumfarsa na ce zan ɗauke shi hoto na tarihi. Ya yi dariya ya gyara hula, buhunan wake jibge a bayansa. Da wannan hoton na sayar wa wata mata a Makurdi wake, Madam Grace, mai dafa wa 'yan makaranta abinci. Kuɗin da ta turo na adashinsu ne ita da matan cocinsu, ni kuwa ko ƙwaya ban aika mata ba.

Ita ba ta zauna kuka a gida ba. Mota ta hau ta zo Potiskum, garin da na rubuta a tallar, tana nuna hoton rumfa rumfa har aka kawo ta wurin Kawu. Ina wurin, na kawo wa Kawu saƙon mahaifiyata. Ta miƙa masa wayarta, da gurguwar Hausarta ta ce, "Baba, kai ne wannan?"

Ya ce, "Ni ne."

"To ina wakena?"

Kawu bai san intanet ba, wayarsa ƙarama ce mai maɓalli. Da aka fahimtar da shi abin da ya faru, maƙwabtan rumfa suka ce, "Ba ruwanka, Maina, aikin 'yan damfara ne, ta je wajen hukuma." Shi kuwa ya ba ta kujera, ya sa aka kawo mata ruwa, ya daɗe yana kallon hoton. Sannan ya ce, "Fuskata ta gani ta yarda. Da ba ta gan ta ba, da ba ta tura ba. A auna mata wakenta."

Matar ta rufe fuska da gefen zaninta. Ana cikin lodi Kawu ya juyo gare ni, murya ƙasa ƙasa, ya ce, "Kai ka ce in gyara hula ranar nan, ko?" Na amsa cewa ni ne. Bai zage ni ba, bai ɗaga hannu ba. Ya tare keke napep, ya zauna kusa da ni, da kansa ya kai ni wurin 'yan sanda.

Mahaifiyata ta roƙe shi a kashe maganar a gida. Ya ce mata, "In na rufa masa yau, gobe wata ce za ta yi kuka, kuma ita ba ta san rumfar da za ta nufa ba."

Kotu ta ɗaure ni. A gidan yari na ga waɗanda danginsu suka manta da su, ni kuwa Kawu bai fasa zuwa ba. Ya kawo garin kwaki da ƙuli-ƙuli, ya tambayi sallata, ya ba ni labarin kasuwa. Bai taɓa tayar da maganar ba. Da dukana ya yi, da ya fi min sauƙi.

Da aka sake ni, ya kai ni rumfarsa ya damƙa min basilla da zare. Ya ce wa mutane, "Ga ɗana. Ya yi laifi, ya sha hukuncinsa, ya dawo." Har yau ɗinkin buhu nake yi, ina neman waɗanda na cuta ɗaya bayan ɗaya, wasu na same su, wasu sai a lahira.

Ku samarin da waya ba ta barin hannunku, wanda ke can ɗaya ɓangaren mutum ne, da yara da bashi da mafarki irin naku. Kada rashin ganin hawayensa ya ruɗe ku. Kuma kada ku ɗauka ku kaɗai za ku biya. Sai bayan fitowata mahaifiyata ta gaya min cewa shanun da Kawu ya yi shekaru yana kiwo don aikin Hajji, su ya sayar ya cike gurbin waken nan. Yanzu ƙafafunsa sun gaza. Duk shekara in maniyyata za su tashi, shi ke zuwa yi musu addu'a, ni nake riƙe masa hannu.