Abin da Na Ba Ku, Na Ba Dodo

Kowace Asabar bayan la'asar, Kawu mai gyaran agogo yakan cire gilashin da yake maƙalawa a ido, ya tattara ƙananan kusoshinsa cikin murfin gwangwani, ya ja ƙofar shago rabi. Sai ya wuce ɗakin baya, inda akwai tebur mai gajeriyar ƙafa da aka tokare da kwali, da kujerun da babu biyu masu kama da juna. Ya shimfiɗa taswirar da ya zana a bayan tsohuwar kalanda, ya ajiye fulas ɗin shayi, ya zauna jiran mu.

Wasa muke yi, kuma ba na jin kunyar faɗa. Kowa yana da gwarzon da ya ƙirƙira: wani mayaƙi, wani ɓarawo, wata mai warkarwa. Kowane rukuni yana da baiwarsa a rubuce cikin littafin dokoki. Kawu ne mai ba da labari, shi ne bakin dodanni da sarakuna, shi ne kuma alƙali idan aka yi saɓani kan abin da baiwa za ta iya. Sauran kuma sai abin da ƙwallon jefawa ya nuna, irin na ludo amma mai fuska ashirin. Da farko maƙwabta sun ɗauka duba yake yi. Har wata tsohuwa ta taɓa leƙowa ta ce a duba mata wanda ya sace mata agwagwa.

Yayana ne ya fara kai ni lokacin ina jami'a. Na fi wata ina zaune a lungu, muryata ba ta wuce gefen tebur. Kawu bai taɓa cewa in ɗaga murya ba. In layi ya zo kaina, sai ya ɗaga hannu kowa ya yi shiru, ya jira. Daga wannan lungun na ga yadda yake aikinsa.

Littafin dokoki ba ya faɗin komai da komai, kuma a wurin da ya yi shiru ne rigima take. Kawu yana da tambayoyi biyu. Ta farko: "Baiwar nan don me aka yi ta?" Wata rana abokin wasanmu Direba, wanda mayaƙinsa ke samun ƙarfin mutum goma idan ya fusata, ya so ya tare ƙofar dutse da ke rufowa don abokansa su wuce. Littafi a fagen yaƙi kawai ya ambaci baiwar. Kawu ya ce, "An yi ta ne don ya tsaya inda wasu za su gudu. Jefa ƙwallonka." Ta biyun ita ce wadda muka haddace: "Abin da na ba ku, na ba dodo. Kun yarda?" Sau da yawa mai gardama yakan lissafa abin da dodo zai yi masa da irin wannan sassaucin, ya haɗiye maganarsa da shayi.

Kai ne mizanin da ba ya duba fuskar mai kaya, Kawu. Mun tabbatar da haka ranar da abin ya faɗo kan 'yar cikinka.

Auta ce ƙaramar 'yarsa. Tun tana sakandare take wasa da mai warkarwa guda, ita ta sassaƙa siffarta da katako ta shafa mata fenti. Babu gwarzo a teburin da wannan mai warkarwa ba ta taɓa tsamowa daga bakin mutuwa ba. Baiwarta ita ce ta ɗora hannu kan wanda ya faɗi ya tashi. Ranar nan, a cikin wani kogo, mai warkarwar ce da kanta ta faɗi sumammiya, kuma babu wanda ke kusa da zai kai mata ɗauki.

Lauya ya miƙe. Aski ne sana'arsa, gardama ce ta ja masa sunan.

"Kawu, tsaya tukuna. Da ta faɗi, ina hannunta ya sauka? Kan ƙirjinta. To ta taɓa wanda ya faɗi ko ba ta taɓa ba?"

"Kai ka ga inda hannun ya sauka?" in ji Direba.

"Rufe mana baki, gefenka nake! Littafi bai hana ba, Kawu. Duba ka gani."

Kawu ya duba, ya ce gaskiya ne, littafi bai hana ba. Sannan ya yi tambayarsa, ya tuna mana cewa maƙiyanmu ma suna da masu warkarwa, kuma kowannensu zai riƙa tashi da kansa.

"Mun yarda!" muka ce baki ɗaya. Har ni sai da aka ji muryata.

Kawu ya daɗe yana kallon siffar katakon. Sai ya ce, "Ni ban yarda ba. An yi baiwar nan don mai hankali a jikinsa ya zaɓi ya ceci wani. Sumamme ba ya zaɓi. Auta, jefa ƙwallonki, ko ta farfaɗo da kanta."

Ta jefa, bai yi kyau ba, mai warkarwar ta mutu. Ta ɗauki siffarta ta fita ba ta rufe ƙofa ba.

Makonni suka wuce ba ta dawo ba. A gida gaisuwa kawai ke haɗa su. Mun roƙe shi ya ce mafarki aka yi, ya ƙi. Amma kowace Asabar sai ya zuba shayi a kofinta ya ajiye gaban kujerarta, ya huce a nan. Daga baya ita da kanta ta ba ni labarin ranar da ta tare shi a tsakar gida.

"Baba, da ka ɗaga min ƙafa, me zai ragu a jikinka?"

"Ni babu. Amma duk nasarar da mai warkarwarki za ta yi bayan nan, za ki san kyautar babanki ce. Na fi son ki yi kukanta da ki raina ta."

Wata Asabar aka aiko ta shagon da saƙo, ta tarar Lauya ya dage cewa ɓarawonsa, tun da yana da baiwar ɓuya a inuwa, zai iya ɓuya a inuwar kansa. Kafin Kawu ya buɗe baki, muka ji daga bakin ƙofa:

"In an ba ka, an ba dodo. Kana so ka yi faɗa da abin da ba ka gani tsakar rana?"

Lauya ya zauna. Ita ma ta ja kujerarta, ta kurɓi shayin, ta ce ya yi sanyi.

Yanzu idanun Kawu sun gaji, ƙananan rubutun littafin sun fara guje masa. Asabar da ta wuce ya tashi daga kan tebur ya miƙa wa Auta littafin da kujerar, ya koma cikinmu da sabon gwarzo, wani tsohon maharbi. Ba a yi nisa ba ya nemi kibiyarsa ta yi kwana ta bi bayan bango.

"Littafi bai hana ba," in ji shi, yana satar kallon Lauya.

"Baba, baiwar nan don me aka yi ta?"

Ya yi dariya har da share hawaye, ya mayar da kibiyarsa cikin kwari.

Kawu, kai ne ka koya mana cewa wanda ba a iya kayarwa, nasararsa ba ta da daɗi. Mun gode da ɗakin baya, da shayin, da jiran da ka yi wa masu ƙaramar murya. Allah ya ƙara lafiya, ya bar mana kai a teburin. Ku kuma da kuke riƙe da wata doka, a aji ko a ofis ko a filin ƙwallo, ranar da ta faɗo kan naku, ku tuna da mai gyaran agogon nan: ku yanke abin da za ku yanke wa kowa, sannan ku zuba shayi ku jira.