Sha'aibu Mai Caji da Tallan Taubashinsa

Sha'aibu ɗan yayana ne, shi ya sa zan faɗi halinsa ba tare da na ɓoye komai ba. Tun yana yaro a Kurya Madaro, in aka zuba wa yara tuwo, ba ya kai loma sai ya leƙa kwanon na kusa da shi. Bai taɓa sata ba, ba ya ƙin sallah, kuma ya fi duk sa'o'insa ƙwaƙwalwa. Ciwonsa ɗaya ne: ya ga wani ya samu.

Da 'yan bindiga suka matsa wa garin, muka kwaso muka dawo Ƙaura. Sha'aibu ya kafa rumfar cajin waya kusa da tasha, ya yi aure, yana samun na cefane. Da ya zauna lafiya, ba don Mujahid ba.

Mujahid ɗan ƙanwata Fatimatu ne, wato taubashin Sha'aibu. A makaranta shi ne na baya. Acaɓa ya kama, yana kai 'yan kasuwa Kasuwar Daji, Shinkafi da Dauran. Sai ya fara rubuta farashin gero da dawa da awaki a wani shafi da ya buɗe a intanet, da labarin hanyar da ke biyuwa da wadda ba ta biyuwa. Fatake har daga Gusau suka riƙa dubawa kafin su taso. Wani kamfani ya sa tallace-tallace a shafin, yana biyansa gwargwadon masu dannawa. Ba a daɗe ba Mujahid ya sauya wa uwarsa kwanon rufi.

"Gwaggo, wanga yaro fa ni nike yi mai lissafi a aji," in ji Sha'aibu.

Na ce, "To yanzu ma yi masa."

Fatimatu ce ta jawo masifar. Da ta ji cewa danna talla na kawo wa ɗanta alheri, sai ta shaida wa matan unguwa, su kuma suka ɗauke shi kamar gudummawar biki. Wadda Fatimatu ta taɓa kai wa kwano ranar suna, ga ranar ramawa ta zo. Kowace ta gama wanke-wanke sai ta zauna ta yi ta danna tallan takalma da magungunan da ba ta san sunansu ba.

Sai kamfanin ya aiko wa Mujahid gargaɗi. An ga dannawa da yawa daga wayoyi ƙalilan, a gari ɗaya, ba na masu saye ba ne. In abin bai tsaya ba, za a cire tallan, kuma ba dawowa.

Ya bi gida-gida yana roƙo a daina. Amma a wurinmu, in ka kai wa mutum gudummawa ya ce "haba, ku bar shi," ai kunya ce, kai kuma sai ka ƙara tura masa. Matan suka ce, "Allah sarki, yaro mai kawaici," suka ninka. Uwarsa ma cewa ta yi kada ya kuskura ya tozarta ta a gaban ƙawayenta.

Ranar wata Juma'a ina rumfar Sha'aibu ina jiran wayata, sai ga Mujahid cikin sabuwar shadda, yana ƙamshin turare.

"Taubashi, bawana, ana ta fama da igiyoyi?"

"Kai ne bawa. Mi ya kawo ka?"

"Godiya na zo ka isar min ga matan unguwa. Duk wayar da ka cika wa wuta a nan, gidana take yi wa aiki. Dannawa ɗaya, bulo ɗaya. In Allah ya so, bana bene za ni ɗora."

Ya hau babur ya tafi. Sha'aibu ya bi shi da kallo har ya sha kwana.

Rabin wayoyin unguwa a hannunsa suke wuni, kuma daga ranar babu wadda ta fita ba tare da huɗuba ba.

"Inna Hamdiyya, datarki ta ƙare ko? Ina za ta kai, kina gina wa ɗan Fatimatu bene? Ya taɓa saya miki kati? Ke kina ɗakin da ke yoyo!"

Maza kuma ya ce musu su binciki wayoyin matansu, su ga inda kuɗin cefane ke tafiya. Abin da roƙo ya kasa, zuga ta yi shi cikin 'yan makonni. Mata suka janye hannu, wasu har suka daina gaida Fatimatu. Mujahid ya rubuta wa kamfanin bayanin abin da ya faru, aka zare masa abin da dannawar banza ta tara, aka bar masa tallansa.

Bai tsaya nan ba. Ya sayo faifan sola, ya kawo wa Sha'aibu kyauta a rumfar ana tsakiyar ciniki, ya ba jama'a labarin gargaɗin tun daga farko, ya ce a taya shi gode wa taubashinsa da ya ceci sana'arsa. Aka yi ta dariya ana sa wa Sha'aibu albarka. Ban taɓa ganin mutum ya karɓi kyauta da irin wannan fuska ba.

Washegari Sha'aibu ya same ni a gida, wayarsa a hannu, shafin Mujahid a buɗe.

"Gwaggo, ashe dannawa ita ka kashe shi?"

"Haka ya ce."

"Ke nan in na zauna na yi ta dannawa, rufe shi za a yi."

"Ga ka ga wayar. Alhakin kuma naka."

Ya ɗora babban yatsa saitin tallan wani injin niƙa. Ya daɗe a haka bai danna ba.

"Amma kamin su rufe, dannawar farko, aljihunshi za ta shiga?"

"An ce suna zarewa."

"In kuma ba su zare duka ba fa? In kwabo ɗaya ya maƙale mai?"

Ya kashe wayar, ya cusa a aljihu, ya tambaye ni ko akwai sauran fura.