Sunan da ke bangon tsohon ofishin kumandan

Mun tashi da asuba daga Doso, ni da gwaggona, a bayan motar albasa. Mijinta mutumin Malanbil ne, garin da ke hayin kogi a ƙasar Binin. Faransawa suka ɗauke shi soja zuwa yaƙi tana amarya, bai dawo ba, ba kabari. An gaya mata akwai allon dutse a bangon tsohon ofishin kumandan, Baturen mulkin garin, mai ɗauke da sunayen waɗanda yaƙin ya ci, kuma sojojin da ke mulki can yanzu suna ɓamɓare duk abin da Turawa suka bari. Ta ce sai ta gani kafin a cire.

A bakin gadar iyaka 'yan duwan masu binciken kaya suka zazzage jakarta, ba su samu komai ba sai goro da carbi. Jandarman Binin ya kira ta “kamarad”, wai abokiyar gwagwarmaya, ta dube shi sama da ƙasa ta wuce. Kogi ya cika, masunta na ta shanya koma.

Mun iske ginin an shafe shi da farar ƙasa, an rubuta kirarin juyin juya hali da jan fenti. Allon na nan, sun shafe shi tare da bangon. Na jiƙa hulata na goge, na karanta mata sunayen ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe. Ta girgiza kai.

Wani dattijo da ke zaune a inuwar ginin ya taso, ya daɗe yana kallonta. Ashe wan mijinta ne. Ya ɗora yatsa a layi na uku.

“Ga shi nan, matar ƙanena. Sunana na. Ni anka kira, ina da ɗiya ƙanana, sai ya tahi a madadina, ya amsa da sunana. Da sunan nan anka bizne shi.”

Kullum nan yake wuni, in ji masu shago, a ƙarƙashin sunansa cikin matattu. Ban taɓa jin tausayin mutum biyu a lokaci guda haka ba.

Mun kwana gidansa, washegari muka juyo. Na tafi da tunanin abin da aka sassaƙa a dutse ba ya kuskure, na dawo ba haka ba. Matan zamanin gwaggo ba sa faɗin sunan miji, ko bayan ransa. A tsakiyar gada ta taɓa ni.

“Ɗana, tunda ba su rubuta ba, kai ka riƙe. Hamidu ne.”