Matar da Ba Ta Zuwa Barka

Shekara shida ke nan da rasuwar matata Rahila, wadda mutanen Birnin Gwari suka fi sani da Mama Nas. Ban saba yabon mamaci a jarida ba, kuma ba shi ya sa na ɗauki alƙalami ba. Akwai wani saurayi a unguwarmu wanda ransa ke cikin haɗari a daidai lokacin da nake wannan rubutu, kuma ɗan abin da ya riƙe shi zuwa yau, a hannun wannan mata na koye shi.

Duk mazaunin ƙasar nan ya san al'adarmu. In 'yan bindiga suka sako wanda suka kama, sai a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, gari ya taru barka, Musulmi da Kirista. Kowa ya zo sai ya sa wanda ya dawo ya ɗauko labari daga farko: ina aka tare ku, me kuka ci, sun dake ka? Bayansu sai iyayen waɗanda har yanzu ke daji, su durƙusa gaban yaro sa'an 'ya'yansu suna tambaya ko ya ga nasu. A ƙarshe kowa ya ce masa ya gode wa Allah, wasu ba su dawo ba. Daga nan a naɗe tabarmi, kowa ya koma gonarsa.

Rahila ba ta zuwa wannan taro, kuma ta sha zargi a kansa, har daga zumuntar mata ta ikilisiyarmu. Da fari tana zuwa kamar kowa. Abin da ya sauya ta shi ne wani tsohon ɗalibina daga ƙauyukan Tsohon Birnin Gwari. Ya dawo daga daji, aka yi masa barka ta gani ta faɗa, kafin a yanke dawa ya kashe kansa. Danginsa suka ce zazzaɓi ne. Rahila ta yi aikin jinya tun tana budurwa, ba a ɓoye mata irin wannan. Da muka dawo daga ta'aziyya ta ce da ni, “Malam, mun je masa ranar da gari duka ke gidansu, muka bar shi ranar da ba shi da kowa.”

Tun daga nan sai ta jira a naɗe tabarmi. Ta ɗauki ƙwaryar gyaɗa da hantsi, ta je ta zauna kusa da yaron ko yarinyar, suna ɓara tare. Ba ta tambayar daji ko kaɗan. Tana tambayar barci, da abinci, da wanda yake hira da shi. In ta ga alama, sai ta ajiye ƙwaryar ta yi tambayar da babu mai yi, ba tare da kewaye ba: “Kana tunanin kashe kanka?” Mutane suka ce tana cusa wa yara mugun tunani. Ita kuwa ta tsaya a kan cewa tambaya ba ta sa wa mutum abin da babu a ransa, sai dai ta ba mai ɗauke da shi wurin saukewa. A makarantar Mishan an hore mu cewa ba a ɗaure ciwo sai an buɗe an duba. Ta riƙe wannan har ta mutu.

In amsa ta zama i, sharuɗɗanta ba sa lanƙwasuwa. Ba za a bar mutumin shi kaɗai ba. Za a kulle duk wani abu mai cutarwa da ke gidan, mabuɗi ya koma aljihun babba. Za a kai shi ga likita. Ba ta taɓa hana addu'a ba. Takan ce wa fasto ko liman, “A yi ta, amma a yi ta a cikin mota.”

Me za ta ce da a ce ta ga yau? Za ta ji daɗi in ta ga kasuwa na ci, ana noma gonakin da aka gudu aka bari. Amma na san tambayarta ta gaba: waɗanda suka dawo fa? Ga samarin da ba sa barci sai da ƙwaya. Ga 'yan matan da ƙarar babur ke sa su zubar da tulu. Barka kuma ta ƙara muni, domin yanzu waya ake kafa wa yaro a fuska yana ba da labari, kafin yamma hawayensa sun zaga gari. Wannan rashin tarbiyya ne, ko da da kyakkyawar niyya aka yi shi.

Saurayin da na ambata zan kira shi Habibu, ko da yake ba sunansa ba ne, kuma da izininsa da na mahaifinsa nake rubutu. Ɗan acaba ne, ɗan maƙwabcina a unguwar Magajin Gari. A hanyar Kaduna aka kama shi tare da abokinsa, shi kaɗai aka sako a farkon damina. Bayan barka ya shige ɗaki ya yi shiru. Kwatsam sai ya fito da fara'a, ya ba ƙanensa babur ɗinsa kyauta, ya bi gida gida yana neman gafara. Unguwa ta yi ta yabo, wai daji ya mai da shi mutumin kirki.

Da ya zo wurina ya durƙusa ya ce, “Baba Hedimasta, in na taɓa saɓa maka, ka yafe mini.”

Na ce, “Tafiya za ka yi?”

Ya dubi ƙasa. Na sa shi ya zauna, na yi masa tambayar Rahila kamar yadda take yin ta, ban rage ko kalma ba. Sai ya ce, “Wa ya gaya maka, Baba?” Ashe mahaifiyar abokinsa na zuwa kowace Juma'a tana tambayarsa yadda ya baro ɗanta. A kwance ya baro shi, ba lafiya, kuma ya gaji da rasa abin da zai ce mata.

Ban bar shi ya tafi shi kaɗai ba. Na riƙe hannunsa har zauren mahaifinsa. Mahaifin ya saurare ni, fuskarsa ta ɗaure. “Hedimasta, so kake a ce ɗana ya taɓu? Wa zai ba shi mata?”

Na ce, “Malam, bari ya rayu tukuna, sai mu yi rigimar mata.”

Ya yarda da kulle ɗakin kayan gona, ya mai da shimfiɗarsa ɗakin yaron, amma ya ƙi asibiti. Sai da limamin unguwa ya zo da kansa ya ce masa neman magani ba ya rage tawakkali. Likitan garin nan ya duba Habibu, ya ce lallai ne ya ga likitan ƙwaƙwalwa a Kaduna. Ba zan ce ya warke ba, domin bai warke ba. Matan gidan kuma sun karɓi uwar abokin, su ke zama da ita yanzu, gama ita ma tana bukatar mai tambayar barcinta.

Rahila ba ta bar gini ko ƙungiya da sunanta ba. Abin da ta bari aiki ne da kowane baligi zai iya, in ya daure wa nauyin baki. Wanda ya ga matashi ya janye daga mutane, ko ya fara rabar da kayansa yana sallama ba tafiya, ya zauna ya tambaye shi kai tsaye, ya saurara ba tare da wa'azi ba, kada kuma ya tashi sai ya danƙa shi a hannun wani.

Gobe za su tafi Kaduna. Hanya ɗaya ce, kuma ta cikin dajin nan ta ratsa, ta daidai wurin da aka tare shi. Jiya Habibu ya ce ba zai iya ganin bishiyoyin nan ba, a bar shi kawai. Na buɗe baki zan yi magana, mahaifinsa ya riga ni. Ya ce wa yaron, “Ni zan zauna ta taga. Kai ka dube ni.”