Makunnin Kujerar Hajiya

A da, in abu ya lalace a mota, buɗe shi ake yi a gyara. Haka na gani a Kano da Agadas, haka a Omdurman inda na yi shekaru ina tuƙi. Yanzu komai a cikin roba yake a liƙe, in ya mutu sai a nemo wani.

Tsohuwar motar da na saya a Ka'akiyya daga ƙasar sanyi aka kawo ta, kujerunta na gaba suna ɗumama kansu. A Makka wannan abin dariya ne, amma mu ya yi mana rana. Matata tana zuwa wankin ƙoda sau uku a mako, kuma in ta fito daga sanyin asibiti jikinta rawa yake yi ko da rana tana narkar da kwalta. Sai in danna makunnin sau ɗaya, ɗumi kaɗan ya ratsa mata baya, kafin mu kai gida a Misfala ta yi barci. Hutunta ke nan a duniya.

Da makunnin ya mutu na zaga shagunan unguwar Zahir ban samu ba. Wani mai shago har ya tambaye ni da Larabci ko gasa hajiyar nake son yi. A tashlih, inda ake sayar da kayan matattun motoci, na samo na wata mota daban. Mai gyaran wayar motar da na saba da shi, mutumin Maraɗi, ya jujjuya shi a hannu, ya ce zai shiga gurbin, amma bai san halinsa ba.

"Baba, ka bari mu nemo nasa na asali."

Na ce jibi za ta shiga wanki, ya ɗaura kawai. Ya haɗa wayoyin, muka dafa kujera muka ji ɗumi. 'Yan fitilun makunnin ba su kama ba, na ce ba komai.

Ranar wankin, da ta fito, na danna sau ɗaya kamar yadda na saba. Ashe wannan da mafi zafi yake farawa. Ciwon suga ya daɗe da rage mata ji a fata. Ranar kuma an toshe hanyoyi saboda masu Umra, muka fi awa guda a go-sulo tana barci, ina murna.

A gida, da nake taya ta canza kaya, na ga bayan cinyoyinta sun tashi sun ɗuri ruwa. Gyambon ya ƙi warkewa wata da watanni. Ba ta taɓa ɗora min laifi ba. Sau ɗaya kawai ta ce, "Malam, ai barcin ya yi daɗi."

Na sa aka yanke wayar. Tun daga ranar a kujerar baya take tafiya, kwance a gefe guda cikin bargo, idonta biyu. Ba ta sake zama kusa da ni a mota ba.